Ministocin Tafawa Ɓalewa: cancanta ce ko rabon kujeru?

Matashin Zaure:
Salamu alaikum jama'a. Kwanan nan ana ta yawo da hoton ministocin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wasu da manyan riguna wasu da kwat, ana rubutawa a ƙasa wai a zamaninsu cancanta kawai ake dubawa kafin a ba mutum ma'aikata. Hoton ya burge ni, ba ƙarya. Amma ina tambayar manyanmu na wannan zaure: da gaske babu rabon kujeru a lokacin? Ko dai mu ne muke yi wa mutanen da kwalliya don haushin na yanzu?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam ɗana. Cancanta ce, kuma ba na shakka. Dubi mutanen da Arewa ta tura Ikko. Alhaji Muhammadu Ribaɗu a tsaro. Inuwa Wada a ayyuka. Zanna Bukar Dipcharima a ciniki da masana'antu. Maitama Sule a ma'adinai da wutar lantarki, yana ɗan shekara 30 kacal. Shehu Shagari, Musa 'Yar'aduwa, Waziri Ibrahim, Usman Sarki. Akasarinsu malaman makaranta ne da suka sha alli kafin su shiga siyasa, shi kansa Firayim Ministan malami ne a Bauchi. Mutumin da ya saba tsayawa gaban aji ya san sai ya yi shiri kafin ya buɗe baki. Wa za ka nuna mini a cikinsu ka ce bai iya aikinsa ba?

Malama Mai Tarihi:
Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma. Ba na musun iya aikinsu, amma sake karanta sunayen da ka jero, ka sa garin kowa a gefensa. Ɓalewa Bauchi. Ribaɗu Adamawa. Dipcharima da Waziri Ibrahim Barno. Inuwa Wada da Maitama Kano. 'Yar'aduwa Katsina. Shagari Sakkwato. Usman Sarki Bida. Nuhu Bamalli Zazzau. Akwai Jacob Obande daga ƙasar Idoma. Kana ganin haka kawai cancanta ta rarrabu lardi-lardi, kowace babbar masarauta ta samu nata? Rabo ne, Baba. Sai dai an yi rabon ne a tsakanin mutane 'yan kaɗan da suka yi boko, don haka duk wanda aka ɗauko daga lardinsa yana cikin zaƙaƙuran wurin.

Ka haura sama kuma, gwamnatin ma kanta ciniki ce ta haife ta. A zaɓen Disamba 1959 kujeru 312 aka yi takara a kai. Jam'iyyar NPC ta Sardauna ta ci 134, NCNC ta Azikiwe da ƙawarta NEPU ta Malam Aminu Kano suka ci 89, AG ta Awolowo ta ci 73. Babu mai rinjayen kafa gwamnati shi kaɗai. Da Azikiwe ya amince da tayin Awolowo, su biyun suna da 162, sun wuce rabi, NPC ta koma adawa. Ya zaɓi tafiya da NPC, kuma ba kyauta ya yi ba.

Matashin Zaure:
Malama, me aka ba shi?

Malama Mai Tarihi:
Shi kansa ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, a Nuwamba 1960 ya zama Gwamna Janar, a 1963 ya zama Shugaban Ƙasa na jeka-na-yi-ka. Jam'iyyarsa kuwa ta riƙe baitulmali, Festus Okotie-Eboh ya ci gaba da zama ministan kuɗi kamar yadda yake tun 1957. Sufuri na wajen Raymond Njoku, ilimi na wajen Aja Nwachuku, yaɗa labarai T.O.S. Benson, ƙwadago J.M. Johnson, sadarwa Olu Akinfosile. Harkokin waje Ɓalewa ya fara riƙewa da kansa, a 1961 ya miƙa wa Jaja Wachuku, shi ma NCNC. NPC ta ajiye wa kanta tsaro, harkokin cikin gida, ayyuka, ma'adinai, da kula da birnin Ikko. In ka lura da kyau, ta bar wa abokiyar tafiyarta jaka da magana, ita ta riƙe bindiga da ƙasa.

Jikan NEPU:
Yawwa, Malama, Allah ya biya ki. Ni abin da ke ci mini rai kenan idan aka fara wannan kirari. Cancanta? To ina Malam Aminu Kano a hoton? Ya ci kujerarsa a 1959, jam'iyyarsa na ƙawance da NCNC da ke cikin gwamnati, amma bai zama minista ba, muƙamin bulaliyar majalisa ya tsaya a kai. Akwai wanda zai ce Malam bai kai waɗancan ilimi ko iya magana ba? Sai da Gowon ya zo a 1967 aka ga ya riƙe sadarwa, daga baya lafiya. Haka J.S. Tarka. A zamanin da kuke yabo, talakan da ya sa bajen NEPU alƙalin En'e ke ɗaure shi da sunan ya zagi sarki. Hanyar zuwa Ikko ta ƙofar fada ta bi. Duba sarautunsu mana: Magajin Garin Kano, Ɗanmasanin Kano, Turakin Sakkwato, Matawallen Katsina, Magajin Garin Zazzau. Usman Sarki ma ajiye ministan cikin gida ya yi a 1962 ya koma Bida ya zama Etsu Nupe.

Tsohon Hedimasta:
Kai yaro, a hankali. Wasu sarautun nan bayan sun yi aiki an gani aka naɗa su, ba sarautar ce ta kai su ba. Maitama Sule ba ɗan sarki ba ne, kowa a Kano ya san gidan da ya fito. Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne, kuma shi ne a 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. Kada ka haɗa kowa ka shafa musu baƙin fenti ɗaya. Batun Malam Aminu kuwa, ta yaya za ka zauna teburin ministoci da mutanen da ka ce su ne matsalar ƙasa? Ko an ba shi, magoya bayansa za su yarda?

Jikan NEPU:
Baba, ban ce ba su da kirki ba. Na ce ƙofar da aka bi aka zaɓo su ƙunƙuntacciya ce. Wanda Sardauna bai sa wa hannu ba, ba ya shiga.

Lauyan Zaure:
Ku ba ni dama in sa baki ta fuskar doka, don ina ganin muna auna tsari biyu da mudu ɗaya. A Jamhuriya ta Farko tsarin Firayim Minista ake bi irin na Ingila. Minista ɗan majalisa ne. Yawanci sai ka je mazaɓarka ka ci zaɓe tukuna, ko a shigo da kai ta Majalisar Dattawa kamar yadda aka yi wa Dokta Majekodunmi. Saboda haka Ɓalewa ba shi da damar ya leƙa jami'a ko kamfani ya ɗebo duk wanda ya ga dama, cikin 'yan majalisar jam'iyyun ƙawancen zai tsinta. Amfanin wannan shi ne minista na zaune a zauren majalisa, 'yan adawa na fuskantarsa, a yi masa tambaya kan ma'aikatarsa ya miƙe ya amsa da bakinsa. Awolowo na can ɗaya ɓangaren a matsayin madugun adawa, ga Enahoro a bayansa. Wanda bai san aikinsa ba, ranar tambayoyi asirinsa ke tonuwa.

Yanzu kuwa sashe na 147 na kundin 1999 ya wajabta wa Shugaban Ƙasa ya ɗauko aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha. Jihohi 36, ka ga ko yana so ko ba ya so sai sun kai haka, a 2023 ma 45 aka rantsar. Wannan ƙa'ida ta raba daidai kundin 1979 ne ya fara rubuta ta. Abin da Malama ta nuna shi ne tun kafin a rubuta ana yin ta a aikace. Ko a 1952, da aka fara naɗa ministoci 'yan ƙasa a tsakiya, huɗu-huɗu aka ba kowane yanki. Na Arewa su ne Ɓalewa, Ribaɗu, Kashim Ibrahim da Sarkin Katsina Usman Nagogo.

'Yar Jami'a:
Ina ta bin ku shiru, amma akwai abin da babu wanda ya ambata. Mace nawa ce a hoton? Ko ɗaya babu. Matan Arewa ma ko ƙuri'a ba su jefa ba a 1959 da 1964. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan fafutuka. Sai a gwamnatin Shagari ta 1979 aka samu mace cikakkiyar minista, Ebun Oyagbola a tsare-tsaren ƙasa. To idan an ce an tace an zaɓi mafi cancanta, a cikin rabin jama'a aka tace.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, wannan gaskiya ce, amma zamanin ne haka. 'Yan mata nawa ne suka gama sakandare a Arewa a lokacin?

'Yar Jami'a:
To Kudu fa, Baba? Can akwai su Margaret Ekpo da Funmilayo Ransome-Kuti, ga Wuraola Esan har ta shiga Majalisar Dattawa a 1960. Su ma ba a ba su ba.

Kawu Direba:
Ni ban yi zurfi a boko ba, amma na yi tuƙi a Ikko shekaru masu yawa, sunayen nan da kuke kira duk a allon titi na fara saninsu. Ka shiga Ikoyi ta wajen Obalende, ga Ribadu Road, hanyar da ke kai ka Dodan Barracks. Ka kutsa ciki ga Raymond Njoku, ga Maitama Sule, ga Okotie-Eboh, layi-layi kusa da juna. Ka tsallaka Victoria Island ga Musa Yar'Adua. Fasinja zai ce kai ni Maitama Sule, Bayarabe ne ko Inyamuri, bai san ko wane ne ba, sunan layi ne kawai a wurinsa. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne yadda aka yi Bakatsine ya zama shi ke da Ikko. Malama, yaya abin yake?

Malama Mai Tarihi:
Kawu, sannu da hanya. Tun 1954 aka cire Ikko daga Jihar Yamma aka mai da ita ƙasar tarayya, kamar Abuja a yau. AG ba ta taɓa jin daɗin haka ba, tana ganin garin Yarabawa ne aka ƙwace. To sai aka yi ma'aikata sukutum don harkokin birnin: filaye, gidaje, rusau da sake tsara unguwanni, cike fadama. Ribaɗu ya riƙe ta kafin ya koma tsaro, sannan Musa 'Yar'aduwa ya karɓa ya riƙe har ƙarshen jamhuriyar. Duk mai son fili a Ikoyi ko Victoria Island, takardarsa sai ta bi ta ofishinsa. Kana ganin NPC za ta bar wannan a hannun wani? Ba ƙaramar kujera ba ce ko kaɗan. Shi ne mahaifin Janar Shehu da Shugaba Umaru, don masu tambaya.

Matashin Zaure:
To wace ma'aikata ce ta fi kowace tsoka a lokacin? Ni na ɗauka ta Maitama Sule ce tunda fetur na ƙarƙashinta.

Malama Mai Tarihi:
Da idon yau kake kallo. An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, amma a 1960 gyaɗa da koko da kwakwar manja da auduga ne ke ciyar da ƙasa. Ma'aikatar Maitama kuza ta Jos da kwal na Inugu da hukumar lantarki ta ECN ne manyan ayyukanta da farko. Babu kamfanin mai na gwamnati, sai a 1971 aka kafa shi, shekarar da Najeriya ta shiga OPEC. Kamfanonin Turawa ke haƙa, gwamnati na karɓar rabin riba bisa dokar 1959. A hannunsa dai tauraron ma'aikatar ya fara haske: an fara aikin madatsar Kainji a 1964, matatar Fatakwal ta fara aiki a 1965.

Sannan ku tuna ƙarfin na yankuna ne. Makarantun firamare da sakandare, asibitoci, noma, hukumomin sayen amfanin gona, duk na yankuna ne. Ko kuɗin ma'adinai, rabi yankin da aka haƙo yake komawa. Jami'ar Ahmadu Bello gwamnatin Kaduna ce ta gina a 1962, ba Ikko ba. Ministan kuɗin Arewa, Makaman Bida Aliyu, ko ministan ilimi Isa Kaita, sun fi ministocin tarayya da dama taɓa rayuwar mutumin Funtuwa ko Gusau. Shi ya sa Sardauna, shugaban jam'iyyar da ta fi kujeru, ya zauna abinsa a Kaduna ya tura mataimakinsa Ikko. Wa zai yi haka yau?

Tsohon Soja:
Ni a ganina kujerar da ta fi kowace tasiri ita ce ta Ribaɗu, kuma har gobe muna cikin inuwar abin da ya yi. Lokacin da aka samu 'yanci hafsoshin soja 'yan ƙasa kaɗan ne, kuma mafi yawansu daga Gabas suke, alhali ƙananan sojoji akasari 'yan Arewa ne. A 1961 aka kawo tsarin kaso wajen ɗaukar hafsoshi: Arewa kashi 50, Gabas 25, Yamma 25. Manya suka riƙa zagaya makarantun sakandare na Arewa suna lallashin yara su shiga soja, Ibrahim Tako Galadiman Bida, ƙaramin ministan soja, na cikin masu wannan yawo. Yaran da suka amsa kira a farkon shekarun 1960 su ne su Buhari da Babangida da Abacha da Abdulsalami. A ƙarƙashinsa aka kafa rundunar sojan sama a 1964, aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna a shekarar, ga masana'antar ƙera makamai ita ma a Kaduna. Ya rasu ranar 1 ga Mayu 1965, Inuwa Wada ya gaje shi. Wata takwas da rabi bayan haka aka yi juyin mulki. Tsofaffin da muka tarar a bariki suna cewa da Ribaɗu na raye da yaran nan ba su yi gigin abin da suka yi ba. Allah ne masani, amma kwarjininsa kowa ya shaida.

Jikan NEPU:
Ranka ya daɗe, ka ƙarfafa maganata ne ba ka sani ba. Kaso 50, 25, 25 ai shi ne rabo tsagwaronsa. Kuma kada a manta da yarjejeniyar tsaro da wannan gwamnati ta ƙulla da Ingila a 1960, wadda sai da ɗalibai suka yi zanga-zanga har harabar majalisa kafin a soke ta a Janairu 1962.

Tsohon Soja:
Ni ban ce ba rabo ba ne, ɗan'uwa. Na ce rabon da ya zama dole ne. Ƙasar da yanki ɗaya ke da hafsoshi, wani yankin ke da masu ɗaukar bindiga, ba za ta zauna lafiya ba. Ko da kason ma ka ga abin da ya faru.

Lauyan Zaure:
Don a yi adalci, akwai naɗin da ko maƙiyi zai ce cancanta ce. Taslim Elias, Antoni Janar kuma ministan shari'a. Masanin doka ne da duniya ta sani, yana cikin waɗanda suka tsara kundin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963, daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 1972, ya zo ya shugabanci Kotun Duniya a 1982. Jaja Wachuku ma ba kanwar lasa ba ne, shi ya jagoranci kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a rikicin Kwango. Gwamnatin nan ce kuma ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961 saboda gwajin makamin nukiliya a hamadar Sahara, wata uku da samun 'yanci. Masu cewa 'yan amshin shatan Turawa ne kawai su riƙa tunawa da wannan.

Ɗan Kasuwa:
Kun yi ta zagaye-zagaye kun ƙi taɓa Okotie-Eboh. A yi maganarsa mana. Mutumin da ke jan zane mai tsawon gaske a ƙasa, yaro na biye da shi yana riƙe da bakin zanen. Attajiri ne mai harkar katako da roba da takalma a Sapele, kuma shi ne ma'ajin NCNC, aka ba shi baitulmalin ƙasa. Ɗan kasuwa mai masana'anta shi ke yanka harajin kayan da ake shigowa da su. Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da hakan ke nufi. Jaridun lokacin sun yi ta surutu a kansa, kuma sojojin da suka yi juyin mulki sun ambaci masu karɓar kashi goma cikin dalilansu. Idan zamanin tsarkaka ne, daga ina wannan magana ta fito?

Tsohon Hedimasta:
Alhaji, zargi daban, hukunci daban. Babu kotun da ta kama shi da laifi, harsashi aka yi masa shari'a da shi. A lokacinsa aka buɗe Babban Bankin Najeriya a 1959, aka fitar da kuɗin ƙasa na kanmu. Kuma ko me za a ce a kansa, je ka Bauchi ka ga abin da Firayim Minista ya bari. Mutumin da ya shugabanci gwamnati daga 1957 zuwa 1966, ina benayensa? Ina kamfanoninsa?

Ɗan Kasuwa:
Baba, a kan Ɓalewa babu mai ja da kai. Amma tsabtar shugaba ba ta wanke ministansa. Tambayar ita ce me ya hana shi cire shi? Amsa: ba zai iya ba. Kujerar ta NCNC ce, kuma mutumin shi ne gadar da ke tsakanin jam'iyyun biyu, yana ɗasawa da manyan NPC sosai. Ka taɓa shi gwamnati ta girgiza.

Malama Mai Tarihi:
Alhaji ya taɓo inda ni nake ganin ciwon yake. Ba rabon ne ya kashe Jamhuriya ta Farko ba, wanda aka bari a waje ne. Ku tuna a 1957 da Ɓalewa ya fara zama Firayim Minista gwamnatin kowa da kowa ya kafa, har AG ta shigo: Akintola ya riƙe sadarwa da jiragen sama, Ayo Rosiji ya riƙe lafiya. Bayan 1959 aka bar jam'iyyar da ke mulkin Yamma a waje. Akwai Yarabawa a majalisar ministocin, amma na NCNC ne. Wannan ne asalin saɓanin Awolowo da Akintola, wanda ya gaje shi a matsayin Firimiyan Yamma: Akintola na cewa a shiga a ci da mu, kullum muna waje wasu na kwashe muƙamai a hukumar jiragen ƙasa da tashar jiragen ruwa, Awolowo na cewa a tsaya a adawa. AG ta dare biyu, a Mayu 1962 tarayya ta sa dokar ta-ɓaci a Yamma. Wa aka tura ya riƙe yankin? Ministan lafiya na Ɓalewa, Majekodunmi. A 1963 aka yanke wa Awolowo shekara 10, aka kuma yanki jihar Tsakiyar Yamma daga jikin Yamma.

Daga nan NCNC ta farga cewa NPC ta samu sabuwar ƙawa, wato ɓangaren Akintola, ba ta buƙatarta kamar da. Rigimar ƙidayar 1962 da 1963 ta ƙara rura wutar. Abin dariya, a zaɓen Disamba 1964 ministocin gwamnati ɗaya sun rabu gida biyu, wasu na ƙawancen NNA (NPC da mutanen Akintola) wasu na ƙawancen UPGA (NCNC da AG), suna zagin juna a dandali, kuma babu wanda ya ajiye muƙaminsa. UPGA ta ƙaurace wa zaɓen a wurare da yawa, Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati. Da aka sasanta a farkon Janairu 1965, maganin da aka samo shi ne a faɗaɗa majalisar ministoci kowa ya samu. Aka ƙirƙiro ma'aikatu, aka tara ƙananan ministoci, mutanen Akintola suka shigo. Richard Akinjide ya karɓi ilimi, Rosiji ya karɓi yaɗa labarai, aka ɗauke Wachuku daga harkokin waje aka kai shi jiragen sama, Nuhu Bamalli ya haye. Ba a daɗe ba rikici ya tashi a Jami'ar Legas, aka ƙi sabunta wa Eni Njoku wa'adinsa aka kawo Saburi Biobaku, ɗalibai suka yi bore har aka rufe makarantar. Mutanen Gabas suka karanta abin a matsayin sakamakon sauya minista. Duk wannan kumbura ana yin ta ne bayan ma'aikata sun yi yajin aikin gama-gari a Yuni 1964 kan albashi.

Matashin Zaure:
Ikon Allah. Wato yawan ministoci don a toshe bakin kowa ba yau aka fara ba.

Tsohon Hedimasta:
Malama ta iya jero tarihi, ban ƙi ba. Amma ni da na ga jirgin ƙasa ya isa Maiduguri a 1964, na ji labarin buɗe gadar Kwara ta Anaca a 1965, ba wanda zai ce mini daidai suke da na yanzu. An yi rabo, na ji. Amma wanda aka ba ya yi aiki da rabonsa.

Jikan NEPU:
Baba, mutanen Tibi da aka tura wa soja a 1964 su ma sun ga aiki.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a riƙa sassautawa, kada mu koma zagin matattu ko ƙabila. Akwai wanda ya turo mini tambaya ta gefe: bayan an ɗauke Firayim Minista ranar 15 ga Janairu 1966, me ya hana sauran ministocin naɗa wani su ci gaba? Lauya, bismilla.

Lauyan Zaure:
Sun gwada. A ministocin tarayya Okotie-Eboh kaɗai aka kashe tare da Firayim Minista, sauran suna nan a Ikko, kuma a lokacin ba a ma tabbatar Ɓalewa ya rasu ba. Ɓangaren NPC suka tsayar da Dipcharima ya riƙe ƙwarya, ɓangaren NCNC suka tsayar da K.O. Mbadiwe. Ka ga ko a wannan rana layin jam'iyya bai goge ba. Azikiwe ba ya ƙasar, Shugaban Majalisar Dattawa Nwafor Orizu ke riƙe masa, kuma shi ke da ikon rantsar da muƙaddashin. Bai rantsar da kowa ba. Daren 16 ga wata ya yi jawabi a rediyo cewa ministoci sun miƙa mulki ga Janar Aguiyi-Ironsi bisa raɗin kansu. Akinjide, wanda ke cikin zaman, ya sha faɗa daga baya cewa babu wani raɗin kai, tilas aka yi musu. A doka dai babu sashen kundin 1963 da ya ba ministoci ikon miƙa gwamnati ga soja, ko da son ransu ne.

'Yar Jami'a:
Kuma yawancinsu sun dawo ai. Shagari ya riƙe kuɗi a gwamnatin Gowon bayan Awolowo ya sauka a 1971. A 1979 shi da Waziri Ibrahim, tsofaffin abokan teburi ɗaya, suka kara a takarar shugaban ƙasa, bayan ya kayar da Maitama Sule a fidda gwani na jam'iyyarsu NPN. Lauyan da ya kare nasararsa a kotu da lissafin nan cewa kashi biyu bisa uku na jihohi 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, Akinjide ne, ya kuma zama Antoni Janar. Mbadiwe ya zama mai ba shi shawara.

Jikan NEPU:
Kuma ƙuri'un da aka yi wa wancan lissafi na Kano ne, jihar da Malam Aminu ya lashe. NPN ta sake ƙulla ƙawance da jam'iyyar Azikiwe ta NPP, aka sake raba ma'aikatu, a 1981 ƙawancen ya watse, wasu ministocin NPP suka ƙi sauka. Baba Hedimasta, wannan ma cancanta ce?

Tsohon Hedimasta:
Wannan Jamhuriya ta Biyu ce, yaro. Buɗe mata nata zauren, zan zo in same ka a can.